Malaminmu na ilimin halittu ya ce nazariyyar Darwin ƙarya ce: yaya zan yi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne a wata jami'a a Jidda, ina shekara ta biyu a kwalejin kimiyya, sashen ƙananan halittu, kuma da minha, wato tallafin karatu, nake karatu. Duktur ɗin da ke koyar da mu ilimin halittu ya tsallake babin juyin halitta gaba ɗaya. Ya ce nazariyyar Darwin ƙarya ce da aka daɗe da rusawa, ba zai ɓata mana lokaci a kanta ba. Amma littafin da aka ba mu cike yake da ita, kuma ina da niyyar yin digiri na biyu a waje. In yi masa magana ne, in kai ƙara, ko in yi shiru? Gaskiya kuma ina tsoron kada karanta ta ya taɓa mini aƙida.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Shawararmu a taƙaice ita ce kada ka yi jayayya da shi a aji, kada kuma ka bar babin. Ka karanta shi da kanka har ka iya shi, domin duk wanda zai yi aiki da bakteriya ba shi da hanyar kauce masa. Maganar cewa an rusa nazariyyar ba daidai ba ce. Tun bayan littafin Darwin na 1859 an gyara abubuwa da yawa a cikinta, tunda shi kansa bai san yadda gado ke aiki ba, sai da aka haɗa ta da binciken Mendel, sannan aka gano tsarin DNA a 1953. Amma gyara daban, rushewa daban. A yau ita ce ginshiƙin da masana ilimin halittu ke aiki a kai a ko'ina.

Kafin komai, ka gano abin da Duktur yake ƙi. Masu cewa "ba na yarda da Darwin" ba iri ɗaya ba ne. Wani ya yarda halittu suna sauyawa daga zuriya zuwa zuriya, matsalarsa asalin ɗan Adam ne kawai. Wani ya yarda da ƙaramin sauyi a cikin jinsi ɗaya, amma bai yarda wani jinsi yana fitowa daga wani ba. Wani kuma babin yake gudu saboda ba ya son rigima a aji ko a ofishin shugaban sashe, ko da kuwa a ransa ba shi da wata matsala da shi. Za ka gane wanne ne naka idan ka saurari yadda yake bayanin bijirewar ƙwayoyin cuta ga magani. In ya ce sauyi ne a ƙwayoyin gado, maganin ya kashe masu rauni ya bar masu juriya suka hayayyafa, to ya koya maka rabin babin ba tare da ya ambaci sunansa ba.

Sai ka nemi takardar tausifin darasin, wadda ke ɗauke da batutuwan kowane mako da yadda ake raba maki. Yawanci tana shafin darasin a intanet, ko a wajen sakataren sashe. In babin ba ya ciki, Duktur bai karya wata ƙa'ida ba, kuma ba ka da ƙarar da za ka kai. In yana ciki, musamman idan jarrabawar ƙarshe ta haɗa ajujuwan malamai daban-daban, to kana da tambaya mai kyau da za ka yi masa, a lokacin da ya ware na ganin ɗalibai a ofis, kai kaɗai. Ka ce: "Duktur, na ga babin nan yana cikin tausif, ina kuma son ci gaba da karatu a fannin. Zai fito a jarrabawa? Wane ɓangare za ka ba ni shawara in karanta?" Ka tsaya a nan. Kada ka tambaye shi abin da ya yi imani da shi, kada ka zo masa da bidiyon YouTube. Malamin da aka ƙure a gaban ɗalibai ba ya sauya ra'ayi, sai dai ya riƙe sunan wanda ya ƙure shi.

Akwai kura-kuran da ke jawo wa ɗalibi asara ta gaske. Daina shiga aji don haushi shi ne na farko: a jami'o'in Saudiyya, wanda rashin halartarsa ya wuce kashi 25 cikin 100 ana yi masa hirmani, wato ba zai zauna jarrabawar ƙarshe ba. Mafi muni shi ne ɗaukar muryar malami ko bidiyonsa a ɓoye a watsa a WhatsApp ko X. Dokar laifuffukan intanet ta Saudiyya ta 2007 ta hukunta keta sirrin mutum da kyamarar waya da ɓata suna ta hanyoyin sadarwa, da ɗauri har shekara ɗaya ko tara har riyal 500,000. Kai kuma baƙo ne mai iƙama da minha, kuma muhawarar da ta gangara kan addini a fili tana iya zama abin da ba ka yi zato ba. Ƙara tana da muhalli ne kawai idan an rage maka maki a kan amsar da ta dace da littafin darasi. A nan ma da tsari: murshidinka na karatu, wato malamin da ke ba ka shawara, tukuna, sannan shugaban sashe, da buƙatar sake duba takarda a rubuce, ka kuma taƙaita magana a kan lambar tambaya da shafin littafi.

A takardar jarrabawa, jingina magana ga mai ita yana raba ka da matsala ta kowane ɓangare. Ka rubuta "bisa ga nazariyyar juyin halitta" ko "daga cikin sukar da aka yi mata a lacca". Ba ka yi ƙarya ba, ba ka kuma sa hannu a kan abin da ba ka gamsu da shi ba.

Yanzu ga abin da ya kamata ka iya. Juyin halitta a ma'anarsa ta aiki shi ne sauyin yawan nau'o'in ƙwayoyin gado a cikin al'ummar wata halitta daga zuriya zuwa zuriya. Babbar hanyarsa ita ce tacewar yanayi, wato yanayi ya bar wasu ya zubar da wasu, kuma sharuɗɗanta uku ne: a sami bambanci tsakanin 'ya'yan jinsi ɗaya, bambancin ya zama ana gadonsa, sannan ya sa wasu su fi wasu barin zuriya. Ɗalibai da yawa suna faɗuwa a nan, suna rubuta cewa bakteriya "ta saba" da magani. Ba sabo ba ne. Mai juriyar tana nan tun kafin maganin ya zo, ko ta samu ta kuskuren kwafin DNA, ko ta karɓi ƙwayar gadon daga wata bakteriya. Maganin share mata fili kawai ya yi. Fleming, wanda ya gano penisilin, ya yi gargaɗi a kan wannan tun a 1945. Haka kulorokwin ya daina aiki a kan zazzaɓin cizon sauro a ƙasashenmu, haka kuma ake sake haɗa rigakafin mura kowace shekara.

Misalin da ya fi kusa da mu shi ne sikila. Kowa ya san idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zama SS, shi ya sa Saudiyya ta wajabta gwajin kafin aure tun 2004. Tambayar ita ce, me ya sa ƙwayar gadon da ke kashe yara ba ta ƙare ba? A 1954 Anthony Allison ya nuna a gabashin Afirka cewa masu AS sun fi samun kariya daga zazzaɓin cizon sauro. Inda zazzaɓin ya yi yawa, SS yana mutuwa da sikila, AA yana mutuwa da zazzaɓi, AS yana tsira ya haifa, sai S ta ci gaba da zama a cikin jama'a. Dubi inda ta fi yawa: Najeriya, da Ƙaɗif da Ahsa a gabashin Saudiyya, da Jizan a kudu, duk wuraren da sauro ya daɗe yana ɓarna. Ka gwada lissafin Hardy da Weinberg na 1908 a kai. A ɗauka, don misali kawai, S ita ce 0.1 na ƙwayoyin gadon wani gari, A kuma 0.9. AA zai zama 0.9 sau 0.9, wato 0.81, AS zai zama 2 sau 0.9 sau 0.1, wato 0.18, SS kuma 0.01. Cikin jarirai 1,000 ke nan ana sa ran 810 da 180 da 10. In ka ƙirga baligan garin ka tarar AS sun zarce abin da lissafin ya bayar, SS sun yi ƙasa, to wani abu yana tace su. In ka iya wannan lissafin da fassararsa, ka kama ƙofar ilimin gadon al'umma.

A fanninka kuwa, ka karanta gwajin Richard Lenski da kyau. A 1988 ya raba bakteriyar E. coli iri ɗaya cikin kwalabe 12, kullum ana ɗibar kashi 1 cikin 100 a zuba a sabon abinci, ana kuma daskarar da samfuri bayan kowace zuriya 500. Wajen zuriya ta 31,500, bakteriyar kwalba ɗaya ta fara cin sinadarin sitret a inda akwai iskar oksijin, abin da E. coli ba ta saba iyawa ba. Daɗin gwajin shi ne an iya komawa firiza a narkar da kakanninta a bi sauye-sauyen ɗaya bayan ɗaya.

Duktur zai iya cewa, ai har yanzu bakteriya ce, ba ta zama kifi ba. Gaskiya ne, kuma nazariyyar ba ta ce hakan zai faru a shekaru talatin ba. Hujjar manyan sauye-sauye tana cikin duwatsu da DNA. A Wadil Hitan da ke Fayyum a Masar akwai ƙasusuwan kifayen wel na kusan shekara miliyan 40, da ƙananan ƙafafun baya. A 2004 an tono Tiktaalik a arewacin Kanada, kifi mai wuya da ƙasusuwa irin na hannu a cikin fiffikensa, a duwatsu masu shekara miliyan 375, kuma masu binciken sun je can ne takanas saboda nazariyyar ta nuna a irin wannan zamanin za a same shi. Kusa da kai ma, a 2009 an gano ƙoƙon kan wani daɗaɗɗen biri a yankin Hijaz ba nisa da Makka, aka sa masa suna Saadanius hijazensis, mai shekara miliyan 28 zuwa 29, tare da masana na hukumar binciken ƙasa ta Saudiyya. Duktur zai kuma iya kawo maka ƙoƙon kan Piltdown na 1912, wanda aka ce na wata halitta ce tsakanin biri da mutum, a matsayin shaidar cewa nazariyyar ƙarya ce. Jabu ne tabbas, amma masana kimiyya ne suka tona asirinsa a 1953, kuma babu littafin yau da ya dogara da shi.

Game da ɗan Adam ba za mu ɓoye maka komai ba. Nazariyyar ba ta ce mutum ya fito daga birin da muke gani ba, ta ce sun haɗa kaka mai nisa, kuma na tsakaninsa da birin chimpanzee ya rayu kimanin shekara miliyan 6 zuwa 7 da suka wuce. Daga hujjojinta akwai cewa mutum yana da kuromosom, wato ƙunshin DNA da ke ɗauke da ƙwayoyin gado, guda 46, manyan birai 48, kuma kuromosom na 2 na mutum yana ɗauke da alamun haɗuwar guda biyu: jerin da ake samu a ƙarshen kuromosom yana tsakiyarsa. Tsakanin masana ilimin halittu wannan ba abin saɓani ba ne. Tsakanin malaman addini kuwa nan ne maganar ta fi zafi, kuma malaman Saudiyya da yawa suna ƙin nazariyyar saboda nassoshin halittar Annabi Adam, alaihis salam. Akwai kuma malaman Musulunci da suka rarrabe. Tun a 1888 Husaini al-Jisr na Tarabulus ta Labanan ya rubuta cewa ko da hujja yankakkiya ta tabbatar da juyin halitta, ba zai kore samuwar Mahalicci ba. Wasu na zamanin nan suna karɓar sa a sauran halittu, suna ɗaukar halittar Annabi Adam mu'ujiza ce da ta fita daga al'ada, kamar haihuwar Annabi Isa. Mu ba masu fatawa ba ne. Ka kai wannan ɓangaren ga malamin aƙida da ka amince da iliminsa, amma ka je bayan ka fahimci abin da nazariyyar ta ce, don kada a ba ka fatawa a kan abin da ba ta faɗa ba. Ka lura kuma ba ta magana a kan yadda rai ya fara, kuma awon ɗakin gwaji ba ya iya tabbatar da samuwar Allah ko kore ta. Wanda ya ce Darwin ya kore Mahalicci falsafarsa yake faɗa. Sanin abin da wata nazariyya ta ƙunsa da iya bayaninta ba shi ne rantsuwa da ita ba, kamar yadda ake karanta ra'ayoyin ƙungiyoyi a darasin aƙida.

Ga karatun kanka, littafin da ke hannunka ya isa farawa, akwai kuma littafin ilimin halittu na OpenStax kyauta a intanet. Ka bi wannan jerin: gadon Mendel, kura-kuran kwafin DNA, lissafin Hardy da Weinberg, tacewar yanayi da sauyin da ke zuwa bisa dace a ƙaramar al'umma, rabuwar jinsi, sannan karanta bishiyar dangantaka. Ka ba wannan na ƙarshe lokaci sosai. Yawanci ɗalibi yana karanta bishiyar daga hagu zuwa dama kamar jerin gwano, alhali kusanci ana auna shi ne daga mahaɗar rassa. Awa biyu a mako har ƙarshen zangon karatu za su kai ka. Ka shiga GenBank, ma'ajiyar jerin DNA a intanet, ka sauke jerin ƙwayar gadon 16S, wadda ake kwatanta bakteriya da ita, na bakteriya biyar ko shida, ka jera su da manhajar MEGA, wadda kyauta ce, ka fitar da bishiya. Da irin wannan aikin aka nuna alaƙar ƙwayar cutar numfashi ta MERS, wadda aka fara ganowa a Jidda a 2012, da wadda ke jikin raƙuma, kuma irinsa za a ɗauka ka iya ranar da ka shiga digiri na biyu. Ka tuna kuma za ka buƙaci wasiƙun shaida daga malaman sashenku lokacin neman gurbi, mai yiwuwa har da ta Duktur ɗin nan.