Likita, Ɗana Ya Ce Tururin Ruwa Ne Kawai

Tambaya: Likita, ina wa ɗana wanki sai na tsinci wani abu a aljihunsa kamar biro mai kauri, yana ƙanshin mangwaro. Shekararsa 17, yana lise. Ya ce mini "paf" ne, duk abokansa na fada suna zuƙa, wai ba taba ba ce, tururin ruwa ne kawai. Gaskiya ne? Mahaifinsa bai sani ba tukuna.
Daga wata uwa, unguwar Birni, Damagaram

Amsa: Hajiya, ba ruwa ba ne. Sigarin lantarki ce. A cikinta akwai batir da ɗan zaren ƙarfe da ke dafa wani ruwan magani mai yauƙi har ya tashi kamar hayaƙi. Ruwan nan haɗin gilisarin ne da firofilin gilaikol da kayan ƙanshi, kuma galibi da nikotin, wato sinadarin da ke sa mai shan taba ya kasa bari. Wani mai haɗa magunguna ɗan ƙasar Sin, Hon Lik, shi ya ƙera irin ta zamani a 2003, da nufin manya masu shan taba su samu madadi.

A nan yaranmu ke ruɗewa. Sun ji an ce ba ta kai taba illa ba. Ga dattijon da ya shekara talatin yana zuƙar kara, wannan magana tana da wurin zama, tunda babu ƙonewar ganye babu kwalta. Amma ɗanki fa? Huhunsa lafiyayye ne, me zai musanya? Ƙwaƙwalwar mutum ba ta gama ginuwa sai wajen shekara 25, kuma nikotin na saurin kama wadda ba ta nuna ba, ta taɓa natsuwa da riƙe karatu. Ga ƙanshi ya rufe ɗacin, ba ta ƙaiƙayin maƙogwaro kamar taba, sai yaro ya yini yana zuƙa, a ɗaki, a bayan aji, ba wanda ya ji wari. Turai ta ƙayyade nikotin kada ya wuce miligiram 20 a kowace mililita. Wadda ake saya a teburi kuwa, wa ya auna ta?

Tururin ma yakan ɗauko burbushin ƙarfe kamar nikel da dalma. A Amurka, daga 2019 zuwa farkon 2020, an kwantar da mutum sama da 2,800 da ciwon huhu, 68 suka rasu, mafi yawa saboda ruwan da aka gauraya da sinadarin wiwi da wani mai na bitamin E. A 2025 Faransa da Birtaniya sun hana sayar da irin wadda ake yarwa in ta ƙare, Indiya kuwa ta haramta su gaba ɗaya tun 2019.

Ban ba da shawarar duka ko tonon asiri gaban ƙannensa ba. Yaron da aka kunyata ɓoyewa yake ƙarawa. Ki zaunar da shi ki tambaye shi: da safe in ya tashi, yana nemanta? In bai samu ba, ransa na ɓaci? In ya amsa da e, ta kama shi. Da ya daina zai yi fushi-fushi, ciwon kai, rashin barci. Kwana uku na farko su ne masu tsanani, bayan mako biyu zuwa huɗu abin ya lafa. Zaman shayin fada shi ne babban gwaji, don can ake miƙa wa juna, har da shisha, wadda ita ma taba ce. Ki sanar da mahaifinsa, amma lokacin da ransa ke kwance.

In yana tari mai naci, ko numfashi na yi masa wuya, ko ƙirji na ciwo, a kai shi cibiyar lafiya (CSI) mafi kusa ko babban asibitin Damagaram, a faɗa wa likita abin da yake zuƙa ba ɓoye-ɓoye. Wadda ke hannunki kuma ki ɗaga ta inda ƙananan yara ba su kai ba, don ruwan cikinta guba ne in an haɗiye. Kada a jefa ta cikin wutar shara ko a bar ta a rana, batirin na iya fashewa.