Tambaya da Amsa: Yaya Mace Mai Tafiya Ita Kaɗai Za Ta Tsare Kanta a Ɗakin Otal?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ma'aikaciyar lafiya ce a Zariya, kuma wurin aikinmu yana yawan tura ni taron bita a Abuja, wani lokacin har Legas, inda nake kwana a otal ni kaɗai. Gaskiya ba na samun barcin kirki, domin na ji ana cewa ma'aikatan otal suna da katin da ke buɗe kowane ɗaki, kuma ana ɓoye kyamara a wasu ɗakunan. Maigidana ya ce in riƙa neman ɗakin ƙasa kusa da masu gadi. Shin hakan daidai ne, kuma me ya kamata in riƙa yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Abin da kika ji game da katin gaskiya ne, kuma ba laifi ba ne a karan kansa, domin dole ne otal ya iya shiga ɗaki don shara da gyara, ko kuma idan gobara ta tashi, ko baƙo ya faɗi rashin lafiya a ciki. Sai dai wannan yana nuna cewa makullin da ke jikin ƙofar mallakin otal ne, ke aro aka ba ki, saboda haka bai kamata ki ɗora barcinki a kansa shi kaɗai ba. Ko da duk ma'aikatan masu amana ne, na'urar kanta tana iya samun rauni. A shekarar 2012 wani masanin kwamfuta mai suna Cody Brocious ya nuna a wani taro a Las Vegas cewa ana iya buɗe makullan kamfanin Onity, waɗanda ke kan miliyoyin ƙofofin otal, da wata 'yar na'ura mai arha. A 2024 kuma wasu masu bincike suka bayyana rauni a makullan Saflok, kimanin ƙofofi miliyan 3 a ƙasashe 131, inda katin bogi ke iya janye har sakatar da ke haɗe da makullin.

Don haka abin dogaronki shi ne abin da ke rufe ƙofa daga ciki wanda babu kati ko mabuɗin da ke kaiwa gare shi. Da zarar kin shiga, ki murɗa sakata, ki maƙala sarƙa ko ƙarfen da ke riƙe ƙofa, ko da kuwa minti biyar za ki yi ki fito. Na fi son kowace mace mai yawan tafiya ta mallaki 'yar robar nan mai kauri a gefe ɗaya, siririya a ɗaya gefen, wadda ake tare ƙofa da ita. Ana cusa siririn bakin a ƙarƙashin ƙyauren, ta ɓangaren da mariƙin yake, a tura shi da ƙafa har ya cije, ta yadda duk ƙarfin da aka sa daga waje zai ƙara matse ta ne da ƙasa. Akwai mai ƙararrawa, wadda ke ihu idan an danne ta. Ba ta da nauyi, tana shiga jakar hannu, kuma kafinta zai iya sassaƙa miki irinta da katako, sai dai katako yana zamewa a kan tayil idan ba a manna masa roba a ƙasa ba. Tana aiki ne kawai a ƙofar da ke buɗewa zuwa cikin ɗaki, kuma haka yawancin ƙofofin otal suke. Idan ɗakin yana da wata ƙofa da ta haɗa shi da na maƙwabta, ki gwada ta da hannunki, kuma idan da hali ki nemi a sauya miki ɗaki.

Amma abin da nake so ki fi riƙewa shi ne, mafi yawan cutarwar da ke samun baƙuwa a otal ba ta hanyar ɓalle ƙofa take zuwa ba. Tana zuwa ne bayan wani ya san cewa ke kaɗai ce, ya kuma san lambar ɗakinki, sannan ya sami hujjar da za ta sa ki buɗe masa da kanki. Shari'ar Erin Andrews, 'yar jaridar wasanni a Amurka, ta fito da wannan fili. A 2008 wani mutum da ke bibiyarta ya gano lambar ɗakinta a wani otal da ke birnin Nashville ta hanyar wayar cikin otal ɗin, ya nemi a ba shi ɗakin da ke maƙwabtaka da nata, aka ba shi ba tare da an sanar da ita ba, sannan ya lalata hudar leƙen ƙofarta ya ɗauke ta bidiyo. A 2016 kotu ta yanke a biya ta diyyar dala miliyan 55, kuma kusan rabin alhakin an ɗora shi ne a kan masu otal ɗin da masu gudanar da shi. Bai karya makulli ba. Bayani ya samu, ya kuma sami ma'aikatan da ba su yi tambaya ba.

Saboda haka tsaronki yana farawa ne daga teburin karɓar baƙi. Ma'aikacin da ya san aikinsa yana rubuta lambar ɗaki ne a jikin 'yar ambulan ɗin kati ya miƙa, ba ya faɗa da ƙarfi. Idan ya faɗa alhali akwai mutane tsaye a kusa, kina da damar ki ce a sauya miki wani ɗakin a rubuta miki lambar, kuma babu rashin ladabi a cikin hakan. Ki gaya musu tun a nan cewa kada a faɗa wa kowa kina otal ɗin, kuma kada a turo kowa ɗakinki sai an kira ki. Kada ki ajiye katin a cikin ambulan mai ɗauke da lambar, domin idan ya faɗi kin ba wanda ya tsinta mabuɗi da adireshi a haɗe. A wurin karin kumallo idan aka tambayi lambar ɗakinki, ki nuna a rubuce. Direban da ya ɗauko ki daga tasha ko filin jirgi ba ya bukatar sanin ko ke kaɗai ce, balle kwana nawa za ki yi, kuma hoton otal ɗin zai iya jira har ki koma gida kafin ki ɗora shi a WhatsApp ko Facebook. Waɗanda ya kamata su san sunan otal da lambar ɗaki su ne maigida da wata abokiyar aiki da kuke taron tare.

Game da shawarar maigida, manufarsa mai kyau ce, amma ni ɗakin ƙasa ba shi nake zaɓar wa mace ba. Tagarsa ta fi sauƙin kaiwa daga waje, mai wucewa ta wurin ajiye motoci yana iya leƙawa, kuma kusanci da ƙofar shiga yana sa kowa ya ga shigarki da fitarki. Masana tsaro sun fi ba da shawarar tsakanin hawa na biyu da na shida: ya yi tsayin da ba a hawowa ta taga cikin sauƙi, bai kuma yi nisan da saukowa ta matakala ko isowar tsanin 'yan kwana-kwana zai gagara ba. Ki guji ɗakin da ke can ƙuryar lungu ko dab da matakalar baya, inda ba kowa ke bi ba. Ɗakin da ke tsakiyar baranda, inda akwai haske da kyamarar tsaro, ya fi. Ki karanta taswirar hanyar fita da ke maƙale a bayan ƙofa, ki je da ƙafarki ki tabbatar ba a datse matakalar gaggawa da kwaɗo ba, domin ana yin haka a wasu wurare da sunan tsaro. Ɗakin da tagarsa ke fuskantar janareta ma abin gudu ne, saboda hayaƙinsa yana kisa cikin barci.

Batun kyamara kuma ba jita-jita ba ce, ko da yake bai kai yawan da ake zato ba. A 2019 'yan sandan Koriya ta Kudu sun gano cewa an ɗauki baƙi kusan 1,600 bidiyo a ɓoye a ƙananan otal-otal 30, kuma an saka kyamarorin ne a cikin akwatin tashoshin talabijin, da soket ɗin bango, da mariƙin na'urar busar da gashi. Wannan ya nuna miki inda za ki duba, wato duk abin da ke da wutar lantarki kuma yake fuskantar gado ko banɗaki. Ki kashe fitilu, ki ja labule, ki haska tocilar wayarki a hankali a kan soket, agogo, na'urar gano hayaƙi da jikin talabijin, kina neman ɗan ƙyalli kamar na ƙwayar idon kifi a cikin rami ƙarami. Abin da ba ki gane amfaninsa ba, kamar cajar da wani ya bari a soket, ki cire shi ko ki rufe shi da tawul, amma kada ki rufe na'urar gano hayaƙi. Hudar leƙen ƙofa kuma ki duba ko ta yi sako-sako ko an taɓa ta, sannan ki toshe ta daga ciki da 'yar takarda. Wannan bincike ba ya kama komai da komai, amma yana kama aikin ganganci, wanda shi ne ya fi yawa.

Yanzu ga wurin da na fi damuwa da shi. An tarbiyyantar da 'ya'yanmu mata a kan kunya da kara, a kan cewa idan an yi sallama a amsa, kuma barin mutum tsaye a bakin ƙofa rashin mutunci ne. Wannan tarbiyya tana da kyau a gida, amma mugu ya san da ita, kuma da ita yake aiki. Zai ƙwanƙwasa ya ce an turo shi duba na'urar sanyaya ɗaki, ko ya kawo tawul, ko manaja ne ya aiko shi. Idan ba ke kika kira ba, kada ki buɗe, ko da yana sanye da kayan ma'aikata. Ki amsa daga ciki cewa ya dakata, ki ɗauki wayar ɗakin ki kira teburin karɓar baƙi ki tambaya ko sun turo wani, da sunansa. Ma'aikacin gaskiya ba zai ji haushi ba, ya saba da hakan. Idan gyaran ya zama dole, ki bar ƙofa a buɗe ki tsaya daga bakinta har ya gama, ko ki sauka ƙasa da jakarki. Abincin da kika yi oda ma za ki iya karɓa a bakin ƙofa. Haka kuma idan kika fito daga lifta kika lura wani yana biye da ke, kada ki tsaya a ƙofarki kina laluben kati, ki juya ki koma inda mutane suke ki nemi a raka ki. Wannan doka ta shafi abokin aiki namiji da kuka zo taro tare: duk maganar aiki a yi ta a zauren baƙi.

Akwai kuma tambayar da ya kamata a yi tun kafin a bar gida, wato wane ne ya kama ɗakin. A watan Yulin 2012 aka kashe Cynthia Osokogu, ɗalibar digiri na biyu a Jami'ar Jihar Nasarawa da ke Keffi, a wani otal da ke unguwar Festac a Legas. Waɗanda ta sani ta Facebook ne suka gayyace ta da sunan harkar kasuwanci, suka ɗauke ta daga filin jirgi zuwa otal ɗin da su suka tanada, suka sa mata ƙwaya a abin sha. A 2017 babbar kotun Legas ta yanke wa biyu daga cikinsu hukuncin kisa. Tunda ke ofis ne ke tura ki, ki tabbatar da gayyatar daga wurin aikinki, ki kira otal ɗin da kanki ki ji cewa da sunanki aka kama ɗakin, kuma kada ki sha abin da aka buɗe a bayan idonki ko wanda kika tashi kika bari. Idan zaɓin masauki a hannunki yake, otal mai neman katin shaida daga kowane baƙo, mai ma'aikaci a tebur dare da rana, ya fi wanda ke ba da ɗaki na sa'o'i ko da ya fi shi tsada. Ki riƙa tafiya da katin aikinki da takardar gayyata, musamman a jihohin da Hisba ke kai samame otal-otal, domin waɗannan takardu ne za su yi bayani a madadinki ba tare da doguwar magana ba.

Kafin ki kwanta, wayarki ta kasance cike da caji a kusa da kai, tare da tocila, takalmi, mayafi da katin ɗaki a wuri ɗaya, saboda ɗauke wuta ko fitar gaggawa. Ki adana lambar teburin otal ɗin a wayarki ta hannu, domin wayar ɗaki ba kullum take aiki ba, sannan lambar gaggawa ta ƙasa a Najeriya ita ce 112. Idan kika ji ana taɓa ƙofa cikin dare, ki kunna fitila, ki ɗaga murya ki ce kina kiran jami'an tsaro, ki kuma kira ɗin. Allah ya kiyaye, idan wani abu ya faru, ki nemi manaja ya rubuta rahoto, ki bukaci a adana hoton kyamarar tsaro a ranar, domin na'urar tana goge tsohon hoto bayan wani lokaci, kuma makullin kati yana ajiye tarihin katin da ya buɗe shi da lokacin da aka buɗe. Idan cin zarafi ne, a je asibiti kafin a yi wanka ko a wanke tufafi, kuma a matsayinki na ma'aikaciyar lafiya kin san maganin kariya daga cutar HIV ana fara shi ne cikin sa'o'i 72. A Legas akwai cibiyar Mirabel a asibitin koyarwa na jihar da ke Ikeja, a Kaduna kuma akwai cibiyoyin Salama, kuma dukkansu suna karɓar waɗanda aka ci wa zarafi cikin sirri.