Ɗana na jin kiyashi a leɓe idan ana canza masa ruwan jini

Tambaya: Likita, ɗana na fama da ciwon Guillain-Barré, mai taɓa jijiyoyi ya raunana gaɓoɓi, ana canza masa ruwan jini da na'ura. Da zarar an ɗora shi sai ya ce kamar kiyashi na yawo a leɓɓansa da yatsunsa, ranar nan har hannunsa ya ƙage. An ce kalsiyam ɗinsa ne ke sauka. Mai kemis na unguwarmu ya ce in kawo shi ya yi masa allurar kalsiyam kafin a sake ɗora shi. In kai shi? Daga wata uwa a Jekadafari, Gombe.

Amsa: Hajiya, Allah ya ba shi lafiya. Kada ki kai shi.

Don kada jini ya daskare a cikin na'urar, ana haɗa shi da sinadarin sitiret. Shi kuwa sitiret kama kalsiyam ɗin da ke yawo a jini yake yi ya riƙe, shi ya sa leɓe da yatsu ke fara kuka. Abin ya fi tsanani idan da ruwan jinin wani ake maye gurbin nasa, ko kuma idan hanta ba ta da ƙarfi, domin ita ce ke narkar da sitiret ɗin cikin 'yan sa'o'i.

To ki ga, kalsiyam ɗin bai ƙare ba, riƙe shi aka yi na ɗan lokaci. Allurar da aka yi jiya ba za ta tare abin da zai faru yau a kan na'ura ba. Wallahi na gaji da masu kemis da ke ɗirka wa mutane wannan allura kamar ruwan sha. Idan aka tura ta jijiya da sauri tana iya rikita bugun zuciya nan take, idan kuma ta zube a ƙarƙashin fata sai ta ƙona naman wurin. A cikin shagon kemis, tsakanin kwalayen magani, wa zai duba zuciyarsa in ta tsaya?

A asibiti kalsiyam mai yawo ake aunawa, wanda daidansa ke tsakanin 1.1 zuwa 1.3 mmol a kowace lita, domin gwajin jimillar kalsiyam na iya fitowa lafiya alhali yaro na ƙagewa. Ki ja masa kunne ya bar dauriyar nan ta samari: da ya ji kiyashin ko ɗanɗanon ƙarfe a baki, ya gaya wa nas. Za ta rage gudun na'urar, a ba shi ƙwayar kalsiyam ko a ɗiga masa a jijiya a hankali. Ki kuma gaya wa likitansa batun hannun kafin a sake ɗora shi.