Alhaji, kafin ka rage kuɗin makaranta, zura hannu ƙasan buhu

Wani bawan Allah ya rubuto mini daga wani ƙauye a yankin Gumel. Sana'arsa sayen riɗi da gero, duk Alhamis yana cin kasuwar Maigatari. Shekara uku da suka wuce ya ɗebi wani abu daga jarinsa ya buɗe 'yar firamare ta kuɗi, aji huɗu, malamai huɗu, yara 90, kowane yaro naira 5,000 a zango. A zangon nan an cire masa yara 12. Abin da ya fi yi masa ciwo shi ne maganar wani uba da ya tare shi bayan sallar Magariba ya ce, "Alhaji, shekarar ɗana uku a wajenku, na miƙa masa wasiƙa da Hausa ya karanta mini, sai ya tsaya yana kallona." Kuma a katin sakamako yaron nan shi ne na uku a ajinsu. Tambayar Alhaji: ya mayar da kuɗin 4,000 ne, ko ya sallami malaman ya nemo wasu?

Alhaji, Allah ya ƙara arziki. Mu fara da lissafi, tunda shi ka fi ji. Yara 12 da suka tafi sun tafi da naira 60,000 a zango. In ka rage dubu ɗaya a kan 78 da suka rage, ka sake zubar da 78,000 da hannunka, kuma sai ka samu sababbin yara 20 a sabon farashin kafin ka toshe wannan ramin kaɗai. Mutumin da ya tare ka ma bai ce maka kuɗi ya yi yawa ba. Cewa ya yi ya biya bai ga kaya ba. Wanda aka sayar wa gero mai tsakuwa, ragin naira ɗari a mudu ba ya dawo da shi.

Sallamar malamai kuwa, a ƙauye, ka san wahalar samun mai takardar shaidar malanta ta NCE da zai yarda ya zauna a kan albashin da kake iya biya. Kuma sababbin za su zo da al'adar da tsofaffin suke kai, wato malami ya cika allo da rubutu, ya juyo ya ce "Kun gane?", aji ya amsa baki ɗaya "Eeeh!" Wannan amsar ita ce saman buhu. Kai da kanka ba ka taɓa biyan kuɗin riɗi don ka ga na bakin buhu ya yi fari tas ba, sai ka zura hannu can ƙasa ka ɗebo, ka murza, ka hura ka ga yawan ƙasar da ke ciki. Amma a makarantarka shekara uku kana cinikin biri a sama.

Abu na farko da zan sa ka kashe wa kuɗi shi ne ƙananan alluna. Falle ɗaya na filawud mai ƙafa 4 da 8, in kafinta ya yanka maka shi ƙafa ɗaiɗai, allo 32 zai fita. Falle uku sun ishi makarantar gaba ɗaya har da saura. A shafa baƙin fenti, a sayo alli, kowane yaro ya zo da tsummansa. Malami ya koyar na minti goma, sai ya tsaya ya ba da tambaya guda, kowa ya rubuta amsarsa ya kife allon a cinya. Ya ƙirga ɗaya, biyu, uku, a ɗaga tare. Ɗagawa tare ɗin nan ita ce sirrin, don in aka bari kowa ya ɗaga sa'ad da ya ga dama, rabin aji za su kwafi na yarinyar nan mai ƙoƙari da ke layin gaba.

Ga yadda abin yake a ido. Malami ya ce a cire 17 daga 52. Alluna suka tashi, wasu 35, wasu da yawa 45. Mai 45 ba shashanci ya yi ba, yana da hanyarsa: ya ga 2 da 7, ya cire ƙarami daga babba ya samu 5, ya cire 1 daga 5 ya samu 4. Bai gane aro ba ke nan. A cikin daƙiƙa goma malami ya san ciwon, ya san mutum nawa yake damu, ya san su wane ne. Da "Kun gane?" ya tambaya, sai ranar jarrabawa za a sani, bayan an ɗora darussa ashirin a kan karyayyen tushe. In ya ga kamar kashi ɗaya cikin uku sun faɗi, kada ya wuce. Ya sake bayani ta wata hanya, da tsinkaye ɗaure goma-goma ko da kuɗi, yaro ya ga ana kwance ɗauri ɗaya don a samu abin cirewa.

Wannan ba baƙon abu ba ne a wajenmu. A makarantar allo yaro ba ya wanke allonsa sai ya durƙusa gaban malam ya biya shi kaɗai, malam ya ji da kunnensa. A boko ne muka yarda da amsar taro.

Sauran dabarun ba sa cin ko sisi. A rubuta sunan kowane yaro a jikin guntun kara a zuba a gwangwani, malami ya yi tambaya sannan ya zaro, maimakon kullum 'yan biyar masu ɗaga hannu su riƙa ɗaukar nauyin aji. Idan ya tambaya kuma ya ɗan yi shiru. Wata mai bincike a Amurka, Mary Budd Rowe, ta gano tun wajen 1972 cewa malamai kan jira kamar daƙiƙa ɗaya kacal kafin su amsa wa kansu ko su koma kan wani yaro, kuma in aka kai jiran daƙiƙa uku amsoshin yara kan ƙara tsawo, masu yin shiru su fara magana. Sannan in yaro ya ba da amsa da Turanci, a ce masa, "To faɗa mana da Hausa." Nan ake rabe wanda ya fahimta da wanda ya haddace kamar aku. Kafin a tashi, tambaya ɗaya a guntuwar takarda, kowa ya miƙa a bakin ƙofa, malami ya kasa su kashi biyu, na waɗanda suka gane da na waɗanda ba su gane ba, da su zai buɗe darasin gobe.

Yanzu naka aikin, don ba sai ka iya koyarwa ba. A Indiya ƙungiyar Pratham tun 2005 take auna karatun yaran karkara da takarda guda mai matakai: baƙaƙe, kalmomi, gajeren sakin layi, sai ɗan labari. Sa shugaban malamanka ya rubuta maka irinta da Hausa. Duk mako, a ranar da ba ta kasuwa ba, ka zauna a inuwa ka zaro sunaye biyar daga gwangwanin kowane aji da hannunka. Kada ka bari malami ya zaɓo maka, saman buhu zai kawo. Kowane yaro minti biyu. Ka buɗe littafi irin na bashi, suna a gefe, matakin da ya tsaya a gabansa, da kwanan wata. A wata guda ka ratsa kusan kowa.

Zan gargaɗe ka da abu biyu. Makon farko abin da za ka gani zai ɓata maka rai, amma kada ka taɓa albashin kowa saboda shi. Ranar da ka yi haka, malamai za su koya wa yara takardarka su haddace, ma'aunin ya lalace. Ladan ya fi dacewa ya bi motsi: malamin da yaransa suka fi hawa mataki a zango, a ba shi wani ɗan ihisani a gaban 'yan'uwansa. Na biyu, bulala ta fita daga wannan harka. Yaron da aka zane don ya ɗaga 45, gobe allon maƙwabcinsa zai leƙa, kai kuwa kuskuren nasa kake son gani.

Kuɗin makaranta ka bar shi a 5,000. In akwai sassaucin da za ka yi, ka yi shi a lokacin biya, ka bar manomi ya cika bayan kaka, ko ka karɓi hatsi a farashin ranar, tunda kai ka san inda za ka kai shi. Uban nan kuma ka je har gida, ka ce masa ya yi gaskiya, ka roƙe shi zango ɗaya. Ka gwada yaron a gabansa da takardar nan, ku rubuta inda ya tsaya ku biyun kuna gani. Ƙarshen zango ka ce ya zo da wata wasiƙar daga aljihunsa, wadda malaman ba su taɓa gani ba.