Wuƙar bindiga a intanet: amsa ga yarona

Ka tambaye ni yadda za a gane wuƙar bindiga ta ainihi daga jabu alhali hoto kawai mutum yake gani a intanet, bai riƙe ta ba, bai ji nauyinta ba. Ka kuma turo mini wadda ta ɗauke maka hankali: ta sojan Ingila, samfurin 1907, mai ƙugiya a ƙarfen da ya gitta tsakanin ƙota da ruwan wuƙa, an buga mata shekarar 1917. To ɗana, ka mayar da kuɗinka aljihu.

Ita kanta wuƙar mai yiwuwa ta gaske ce. Ƙugiyar ce baƙuwa. Ingila ta daina sa wannan ƙugiya tun 1913, kuma yawancin waɗanda aka ƙera da ita kafin nan an yanke musu ita lokacin da suka koma wurin gyara. Shi ya sa mai ƙugiya ta yi ƙaranci, masu tarawa suke rububinta. Wuƙar da aka buga wa 1917 ba ta taɓa fita masana'anta da ƙugiya ba, wani ne ya zauna da injin walda ya liƙa mata, ya goge, ya shafa baƙi. Ko ba ka ga tabon waldar ba, shekarar ta riga ta tona shi.

Abin da nake so ya zauna maka ke nan. Sabuwar wuƙa da aka ƙera jiya aka jiƙa a asid don ta yi kamar tsohuwa ba ita ce ke cinye mutane ba; wannan tsatsarta ja ce, iri ɗaya daga sama har ƙasa, yaro ma zai gane. Wadda ke cinye gwanaye ita ce ta gaske da aka yi wa ƙari: a samu mai araha, a ƙara mata hatimi, ko ƙugiya, ko lamba, sai ta koma mai tsada. Saboda haka kar ka tsaya a tambayar ko tsohuwa ce. Ka tambayi kowane sashe nata shekararsa, ka ji ko bakinsu ya zo ɗaya.

A ta Ingilan, gindin ruwan wuƙa yana ɗauke da kambi da haruffan sarki, da 1907, da wata da shekarar da aka karɓe ta, da sunan maƙeri kamar Wilkinson ko Sanderson. Ɗaya gefen akwai kan kibiya, alamar mallakar gwamnati, da X na gwajin lanƙwasa. Sarki Edward na bakwai ya rasu a 1910, don haka haruffansa, ER, na farkon zamani ne, GR na sarki George da ya gaje shi na bayansa ne. Ɗan ramin da ke ƙarshen ƙota kuwa daga 1916 aka fara shi. In ka gan shi a wuƙar 1909 ba laifi ba ne, an huda tsofaffi da yawa daga baya, sai dai wadda ta shiga hannun masu gyara har aka huda ta, kuma wai ƙugiyarta ta tsira, tana bukatar kallo na biyu.

Ta Jamus ta bindigar K98k ita ce aka fi yi wa wasa, don haka zan daɗe a kanta. Yawancinsu a garin Solingen na Jamus aka ƙera su. Daga 1940 aka daina buga sunan kamfani, aka koma haruffan sirri: cof na kamfanin Carl Eickhorn ne, asw na E. & F. Hörster, cvl na WKC. In ka ga cof tare da 37, wato shekarar 1937, wanda ya buga bai yi karatu ba. Kowace wuƙa tana da lamba, sau da yawa da ƙaramin harafi a ƙarƙashi, kuma an buga irinta a kube. Amma yaƙi da ɗakunan ajiya sun rarraba su, wuƙa ta shiga kuben wata. Mai lamba daban da kube ba jabu ba ce, gaskiyarta ta faɗa, kuma ni na fi son ta a kan mai lamba ɗaya da nake shakka. Tunda masu lamba ɗaya sun fi daraja, sai wasu su gurje ta kube su buga sabuwa. Ka nemi hoton wurin da haske ya bugo daga gefe: inda aka gurza yakan ɗan lotsa, launinsa ya saɓa wa na kewaye. Ka duba siffar lambobin ma, 4 na wuƙa da 4 na kube su zama 'yan gida ɗaya. Sabon bugu yana barin ɗan tudun ƙarfe a bakin harafi, cikinsa fes. Tsohon bugu ya kwanta, datti da tsufa sun shige shi daidai da sauran jiki. Haka za ka auna ƙaramin hatimin gaggafa na masu binciken makamai da ke ƙarshen ƙota. Hatimin SS kuwa, wato rundunar jam'iyyar Nazi ta Hitler, duk inda ka gan shi a kan wuƙar aiki ta yau da kullum, ka ɗauka ƙari ne har sai an kawo hujja.

Ta Amurka ba ta da wahala. A 1943 aka rage tsawon ruwan wuƙar bindigar Garand daga inci 16 zuwa inci 10, aka datse tsofaffi da yawa. Kwarmin da ke tsakiyar ruwan wuƙa ne shaida: in ya tsaya kafin tsini, haka aka ƙera ta, in ya zarce har ya fita ta tsini, datsewa aka yi. Duka biyun na gaske ne, kowace dai a sayar da ita da sunanta.

Labarin da mai sayarwa zai rubuta, wai kakansa ya ƙwato ta a filin daga, ka karanta shi kamar tatsuniya in babu takarda. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma hoto ne ke kai ka ƙarshensa. Ka ce ya ɗauko maka gefe biyu na gindin ruwan wuƙa, da bayanta, da ƙarshen ƙota, da kan sukurori biyu na marfin ƙota, don sukurun da aka sha kwancewa bakinsa yakan ci. Ya ɗora ta kusa da abin awo, ya ajiye takarda mai kwanan watan ranar a gefe, ka tabbata tana hannunsa. Wanda ya turo hoto mai haske ko'ina amma ya dushe daidai wurin hatimi, ya san abin da yake yi. Ka kuma tambaya a rubuce ko zai karɓi kayansa in ka duba ba su yi ba, sannan ka bincika dokar inda kake, domin ba ko'ina ake barin wuƙa irin wannan ta shigo ta gidan waya ba.

Ita wannan ta 1917, in har ranka na kanta, ka rubuta masa cewa ƙugiyar ƙari ce, ka taya ta ƙasa da kuɗin marar ƙugiya, tunda waldar ta ɓata ƙarfen asali.