Tambaya da Amsa: Me Ya Sa Lionel Richie Ya Koma Waƙoƙi Masu Sanyi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. A cikin tsofaffin kaset-kaset na mahaifina na tarar da na ƙungiyar Commodores, kiɗan rawa mai zafi, sai yayana ya ce mini ai Lionel Richie yana cikinsu. Ni kuwa da waƙoƙin soyayya masu sanyi kaɗai na san shi. Shin gaskiya ne, kuma me ya sa ya sauya salo bayan ya ware? Daga wani mai karatu a Zariya.

AMSA: Wa'alaikumus salam. Yayanka bai faɗi ba daidai ba. Wasu ɗalibai ne suka kafa Commodores a shekarar 1968 a kwalejin Tuskegee da ke jihar Alabama ta Amurka, Richie kuwa haifaffen garin ne, kuma a lokacin yana busa saksofon baya ga rera waƙa. Abin da ya fara fito da su a ƙarƙashin kamfanin buga waƙoƙi na Motown, wato "Machine Gun" na 1974, kiɗa ne zalla, ko baiti guda babu.

Sai dai akwai ɗan gyara a tambayarka, domin tun yana cikin ƙungiyar ya fara karkata. Idan kaset ɗin mahaifinka na 1977 ne, ka saurare shi da kyau: a nan ne za ka ji "Brick House" mai tayar da mutum daga zaune, wadda mai ganga Walter Orange ya rera, kuma a nan ne za ka ji "Easy" ta Richie, wadda take tafiya a natse bisa fiyano kamar mai hira da daddare. Da ya rubuta "Three Times a Lady" a 1978, sai ta zama waƙarsu ta farko da ta hau matsayi na ɗaya a babban jadawalin waƙoƙin da suka fi tashe a Amurka, "Still" ta 1979 ita ma ta bi sahunta. Daga nan kowa ya ga inda kasuwa take.

A ganina, rabuwar ta zama dole tun daga lokacin da sunan mutum ɗaya ya fara rinjayar na sauran biyar. A 1980 ya rubuta wa mawaƙi Kenny Rogers "Lady", a 1981 kuma shi da Diana Ross suka rera "Endless Love", wadda ta yi mako tara a matsayi na ɗaya, duk ba tare da abokansa ba. Ga shi kuma yayin kiɗan disko ya dushe, gidajen rediyo masu yi wa magidanta hidima suna neman waƙar da za a ji a mota ko a falo ba tare da hayaniya ba. Saboda haka faifansa na farko shi kaɗai, na 1982, ɗorawa ya yi a kan abin da ya riga ya ƙware a kai, na biyun kuma, "Can't Slow Down" na 1983, ya ci Grammy, babbar kyautar mawaƙa ta Amurka, a matsayin faifan shekara.

Abokan nasa ma ba su durƙushe nan take ba. Bayan tafiyarsa ne suka fitar da "Nightshift" a 1985, wadda ta kawo wa ƙungiyar kyautar Grammy ta farko.