Atisayen agajin gaggawa tsakanin soja da farar hula: wa zai jagoranta, wa zai biya?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ma'aikaci ne a wata ƙaramar hukuma da ke bakin Kogin Haɗeja a Jihar Jigawa. Kusan duk damina sai ruwa ya ci mana ƙauyuka. A ambaliyar da ta wuce sojoji sun zo, 'yan kwana-kwana sun zo, 'yan agaji ma sun zo, amma kowa nasa yake yi, ba wanda ya san wa ke ba da umarni. Yanzu an ɗora mini nauyin haɗa atisaye kafin damina, an kuma ce a sa sojoji a ciki. Wa ya kamata ya jagoranta, mu ko su? Kuɗin kuma daga aljihun wa zai fito?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam. Allah ya taya ka riƙon wannan amana, domin rayukan mutane aka damƙa maka.

Jagoranci na farar hula ne. Soja mai taimako ne a wannan aiki, kuma haka doka ta tsara. Dokar da ta kafa hukumar agajin gaggawa ta ƙasa, wato NEMA, a 1999 ita ta ba hukumar ikon haɗa kan duk masu aikin ceto, kuma Mataimakin Shugaban Ƙasa ne shugaban majalisar da ke kula da ita. Dokar ta ce kowace jiha ta sami nata kwamitin, daga nan aka samu hukumomin agajin gaggawa na jihohi da muke kira SEMA. A ƙasa kuma ana so kowace ƙaramar hukuma ta sami kwamitinta na agajin gaggawa. Su kuwa sojoji, sashe na 217 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ambaci taimaka wa hukumomin farar hula cikin ayyukansu, idan Shugaban Ƙasa ya buƙaci haka. Akwai kuma rukunonin agajin bala'i da aka ware a cikin sojojin ƙasa, na ruwa da na sama, waɗanda NEMA ke nema idan abu ya fi ƙarfin kowa.

Abin da wannan ke nufi a wajenka shi ne, shugaban ƙaramar hukumarku ba zai ɗauki waya ya umarci kwamandan bariki ya turo mota goma ba. Kwamandan ma, ko yana so, sai ya sami izini daga sama. Don haka takardarku za ta bi ta SEMA, ita kuma ta haɗa da ofishin NEMA da ke kula da yankinku, sannan a rubuta wa rundunar da ta fi kusa. Ku fara wannan da wuri, watanni kafin ranar, don takarda a gidan soja matakai take hawa ɗaya bayan ɗaya. A filin aiki kuma ku riƙe ƙa'ida guda: mai jagorantar aiki daga ɓangaren farar hula shi zai ce ga abin da ake bukata, misali a kwashe mutanen ƙauye kaza zuwa makarantar kan tudu kafin magariba. Yadda za a yi, da wane soja zai hau wace mota, wannan na hafsansu ne. Soja ba ya karɓar umarni daga wanda ba na gaba da shi ba, kuma bai kamata a nemi ya karɓa ba. Abin da ake bukata shi ne hafsa ɗaya da zai zauna a ɗakin gudanarwa tare da ku daga farko har ƙarshe, duk saƙo ya bi ta hannunsa.

Wannan ba matsalarmu ba ce mu kaɗai. Lokacin girgizar ƙasar Kobe a Japan, ranar 17 ga Janairun 1995, sai da aka shafe kusan awa huɗu kafin buƙatar gwamnan yankin ta isa ga sojoji, alhali mutane na ƙarƙashin gine-gine. Sama da mutum 6,000 suka rasu. Bayan nan ne aka gyara doka yadda sojoji za su iya fita ba tare da jiran takarda ba idan abin ya yi tsanani, kuma atisayen haɗin gwiwa da hukumomin gari ya zama ruwan dare, musamman a ranar 1 ga Satumba da suka ware duk shekara don shirin bala'i. Ba a fafe gora ranar tafiya: a wajen atisaye ake gano tsawon lokacin da saƙo ke ɗauka daga bakin mai unguwa zuwa kunnen kwamanda.

Kafin in zo kan kuɗi, sai na faɗi wane irin atisaye ya cancanci a kashe masa kuɗi, don nan ne aka fi yin ɓarna. Na sha ganin irin wanda ake yi a filin makaranta: an kafa rumfa, an jera kujerun manya, an shafa wa ɗalibai jan fenti sun kwanta, motar asibiti na fake a bayan katanga tana jiran a busa usur. Cikin minti goma an "ceci" kowa, a tafa, a yi jawabi, a raba lemo. Ba a gwada komai ba, saboda kowa ya san lokaci da wuri tun mako guda kafin ranar. Irin wannan yana da illa, domin yana sa shugabanni su koma gida da zaton an shirya.

Ku fara da na zaune, wanda ba ya cin kuɗi sosai. Ɗaki ɗaya, babbar taswirar ƙaramar hukuma a kan tebur, wakilin soja, 'yan sanda, Sibil Difens, 'yan kwana-kwana, jami'an kiyaye haɗurra, shugaban sashen lafiya, Red Cross, 'yan agajin ƙungiyoyin addini, wakilin hakimi, da Sarkin Ruwa. Sai mai gudanarwa ya karanta takarda: ƙarfe biyu na dare ne, ruwa ya fasa jinga, hanyar mota ta yanke, sabis ɗin waya ya ɗauke. Wa zai fara sani? Wa zai kira wa, da wace lamba? A bar kowa ya amsa da bakinsa. Bayan minti ashirin a ƙaro wata takarda: asibitin da kuka ce za a kai mutane shi ma ruwa ya shige shi. Kada wani ya ce wannan ƙari ne. A Maiduguri, da madatsar Alau ta ɓalle a Satumban 2024, ruwa ya shiga har Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri, kuma sojoji da masu kwale-kwale ne suka yi ta kwaso mutane daga unguwanni irin su Gwange. A irin wannan zama za ku gano cewa oba-obar soja ba ta magana da ta 'yan sanda, cewa lambar da ke jikin takardarku ta wanda aka yi wa canjin wajen aiki ce, cewa mutum biyu kowa na zaton ɗayan ne ke riƙe da makullin sito.

Bayan an toshe waɗannan ramuka sai a fita fili, kuma a yi shi a ƙauyen da ruwa ke ci da gaske, a auna lokaci da agogo. Ina roƙonka kada ka manta da masunta. Kafin motar soja ta iso, su ne a cikin ruwa, su suka san inda yake da zurfi da inda yake ja. A ba su rigunan ruwa, a sa su cikin tsarin da sunansu. Sannan a sanar da jama'a tun kwanaki kafin ranar, ta masallatai, rediyo da mai shela, cewa gwaji ne. A garuruwanmu ganin motocin soja da sassafe kaɗai na iya sa mata su kwashi yara su gudu, a ji rauni a banza. A kuma tanadi mata cikin masu aikin, domin akwai gidajen da namiji baƙo ba zai shiga ya ɗauko mace ba ko da ruwa ya kai ƙirji.

Yanzu kuɗi. Ƙa'idar da ta fi aiki ita ce, wanda ya kira atisaye shi ke ɗaukar kuɗin da ya shafi kowa: wurin zama, abinci da ruwan sha, taswira da takardu, shela, da 'yan kallo masu rubuta abin da ya faru. Kowace hukuma kuma ta riƙe albashin mutanenta da kayan aikinta. Inda rigima ke tashi shi ne tsakiya: man motoci da na jiragen ruwa, alawus ɗin fita, gyaran abin da ya lalace, da jinyar wanda ya ji ciwo a wajen gwaji. Waɗannan huɗu a rubuta su a takardar yarjejeniya, kowa ya sa hannu kafin a kunna mota ko ɗaya. Kwamandan da ya ƙona man rundunarsa bisa alkawarin baki, aka ƙi biyansa, baɗi ba zai amsa gayyatarku da sauri ba. Kuma kada ku nemi jirgi mai saukar ungulu don ƙawa, kuɗin tashinsa na ɗan lokaci zai sayi rigunan ruwa masu yawa.

Ina za a samo? Akwai asusun kula da muhalli da aka kafa a 1981, wanda ake cirewa daga asusun tarayya. Dokar NEMA ta ware mata kashi 20 cikin ɗari na wannan asusu a matakin tarayya, jihohi da ƙananan hukumomi kuma suna karɓar nasu kason. Ke nan kana da hujjar zuwa wajen shugabanka ka nemi a ware wani abu daga kason ƙaramar hukumarku. Abin da ya fi shi ne a sa wa atisaye layinsa na kansa a kasafin kuɗin shekara, daban da na kayan agaji. In aka haɗa su wuri ɗaya, shinkafa da tabarmi da katifu ne za su cinye kuɗin, saboda su ake gani a hoto. SEMA da NEMA sukan taimaka da masu horarwa da kayan aiki. Ƙungiyoyin agaji na waje ma sukan biya kuɗin horo, sai dai da yawansu ƙa'idojinsu ba sa barin su biya soja kai tsaye, don haka ka tambaya tun farko. Tallafinsu kuma na wa'adi ne, kada ku gina shirin shekara-shekara a kansa.

Shawarar da na fi so ka riƙe ita ce kada a ƙarar da kuɗin a ranar atisaye. A Amurka, a Yulin 2004, hukumar agajinsu ta tarayya da jami'an Jihar Luwiziyana sun yi babban gwaji kan wata guguwar ƙirƙira da suka kira Pam, wadda za ta nutsar da birnin New Orleans. Gwajin ya nuna musu gibin da ke akwai, amma zaman da za a yi don ƙarasa shirin ya yi ta jinkiri saboda ƙarancin kuɗi. A Agustan 2005 guguwar Katrina ta zo ta tarar da aikin bai kammala ba. A ganina, aƙalla kashi ɗaya cikin uku na abin da aka ba ku a ajiye shi don gyaran abin da gwaji ya tona: batirin oba-oba, injin kwale-kwale, fitilu, gyaran ban-ɗakin makarantar da za a tsugunar da mutane. A zauna washegari, tun abin bai huce ba, a rubuta kowace matsala da sunan ofishin da zai gyara ta da ranar da zai gama, kuma a bar ƙananan ma'aikata su yi magana ba tare da tsoron manya ba.

Batun lokaci, hukumar hasashen yanayi NiMet kan fitar da hasashen damina a farkon shekara, hukumar kula da koguna NIHSA kuma ta biyo da hasashen ambaliya kafin ruwa ya sauka, tana ambaton ƙananan hukumomin da ke cikin haɗari. Ka ɗauki wannan takarda ka haɗa da buƙatarka ta kuɗi, za ta ƙara mata nauyi. Ku yi na zaune a Afrilu ko Mayu, na fili a Yuni, don a sami sararin gyara kafin Agusta da Satumba. Ku gayyaci hukumar raya kogunan Haɗeja da Jama'are ita ma, tunda ita ke kula da madatsun Tiga da Challawa, ku fito daga zaman da sunan ofishin da zai sanar da ku idan ruwa ya taso, da lambar da za a same shi da tsakar dare.